Dan Allah a taimaka, zafi da laima na kashe min dashen tumatir a cikin tanti

Ɗan Badariya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Dan Allah masu sanin abin nan ku taimaka min don wallahi kaina ya kulle. Ina Birnin Kebbi wajen Badariya, bana ne na ce bari in fara rainon dashen tumatir da tattasai tun cikin Afrilu don in samu abin dasawa da zarar ruwa ya zauna, kun dai san tumatirin damina shi ne kuɗi, lokacin na rani ya ƙare kwando ya yi tsada. Bara a tsakar gida na yi yayyafin, kaji suka tone rabi, ƙadangaru suka bi sauran, ɗan abin da ya tsira kuma akuyar maƙwabta ta shigo ta yi masa aski, ga irin nan na sacet da ake ƙirga ƙwayarsa kamar zinari. Shi ne bana na ce ni da waje haihata haihata.

Na ga yadda Turawa ke yin tanti cikin ɗaki a YouTube na ce ai wannan ba sai an saya ba. Na sayo fayif ɗin roba na masu aikin famfo na haɗa, faɗi mita 1.2 kowane gefe, tsayi mita 2, na lulluɓe da baƙin tamfol, ciki na liƙe da takardar azurfar nan da ake naɗe kifi in za a gasa. Sama na rataya fitila uku LED masu wat 50 irin na ƙofar shago. Tire shida na saka. Tantin yana cikin ɗakin ajiyarmu, rufin kwano ne babu silin. Ina kunna fitila 7 na safe zuwa 9 na dare saboda lokacin sola ke ja.

To matsalar ita ce, ɗan agogon auna zafi da laima da na saka, ƙarfe 3 na rana zafi digiri 43 yake nuna min. Da na ga haka na saka ƙaramar fanka mai caji a ciki, na ajiye bahon ruwa, na jiƙa tawul na rataya, na toshe duk wata kafa da salatef don kada iskar zafi ta shigo. Zafin bai sauka ba ko ɗis sai ma laimar iska da ta haye kashi 88 cikin ɗari, in ka buɗe sai wani tururi ya buge ka kamar ka buɗe tukunyar dambu. Da asuba kuma ruwa ne ke ɗiga daga jikin tamfol. Dashen sun yi tsawo siriri kamar zare, kullum safe sai in tarar da goma ko ashirin sun kwanta, gindinsu daidai ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar an matse da farce. Tire biyu sun kusa ƙarewa. Ƙanƙara zan riƙa sakawa ko fanka zan ƙara? AC dai kada ma a kawo maganarta.

Mai Sola Jega

Wa alaikumus salam. Malam ba tanti ka haɗa ba, tanda ka haɗa, ka yi haƙuri da ni. Abu na farko da ya kamata ka sani fanka ba ta sanyaya iska, jujjuya ta kawai take yi. Kai da kake jin sanyin fanka gumin jikinka ne ke bushewa. Wadda ka saka cikin rufaffen tanti ma ƙara zafi take, don injinta yana cin wuta kuma duk wutar da ta shiga tantin nan zafi take komawa, har hasken LED ɗin in ya bugi bango da ganye ƙarshensa zafi ne. Wato kana da hita mai wat 150 a kunne awa 14 cikin akwatin da ka liƙe da salatef.

Cire salatef ɗin yau ɗin nan. Ka huda sama, can ƙoli inda zafi ke taruwa, ka saka fankar kwamfuta mai bolt 12, babbar mai santimita 12, tana tura iska waje. Ƙasa kuma ta ɗaya gefen ka buɗe ƙofar shigar iska wadda ta ninka ta sama girma, ka rufe ta da gidan sauro saboda ƙwari. Masu gyaran kwamfuta suna da tsofaffin fankokin nan zube, kuma kai tsaye batirinka zai ja su ba sai ta inbata ba, wat biyu uku suke ci.

Ga lissafin da nake yi in zan saka inbata a ƙaramin ɗaki. Ka ninka yawan iskar da fanka ke fitarwa a awa da 0.33, sai ka raba wat ɗinka da abin da ya fito, shi ne digirin da ciki zai fi waje. Fankar nan in babu abin da ya tare ta tana jan wajen mita kubik 100 a awa, to 150 a raba da 33 ya ba ka digiri 4 da rabi. In biyu ka saka ya koma biyu da ɗan wani abu. Amma lura, digirin da zai FI ɗakin ne. In ɗakin kwanonka yana 40 ko fanka goma ka jera ba za ka ga 39 ba. Kuma iskar da ka fitar ka yi mata hanya da bututu ta fita ta taga, in ka zubar da ita cikin ɗakin zagayowa za ta yi ta sake shiga ta ƙasa. Bututun ya zama gajere mara lanƙwasa da yawa don fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin turi.

Takardar azurfar nan kuma ban so ta ba, wuta na bin ta, ga ruwa na ɗiga ga waya 220 a rataye. Farar leda ko farin fenti ya fi ta.

Sarkin Yawo

Kai dai ka daskarar da robobin ruwa guda uku ka jera gaban fanka, ni haka nake a ɗakina kuma yana yi. Ko ka nemo Peltier, 'yar na'urar sanyaya abin nan da ke cikin injin ruwan sanyi na ofis, ana haɗa ƙaramar AC da shi, na gani a TikTok

Mai Sola Jega

Sarkin Yawo a fuskarka yake yi, ba a ɗakin ba. Kilo ɗaya na ƙanƙara kafin ta narke zafin wat 93 na awa ɗaya kawai take shanyewa, in ka haɗa da ɗumamar ruwan bayan ta narke ka ce 125 zuwa 130. Fitilunsa kaɗai, wat 150 sau awa 14, suna zuba 2100 a yini. Kenan sama da kilo 16 kullum, ba a ma zo kan zafin kwano ba, a Afrilun nan da masu ƙanƙara ke jan aji. Peltier kuwa wanda ka fi samu TEC1-12706 yana cin wajen wat 60, sanyin da zai ba ka bai kai abin da ya ci ba, bayansa kuma wuta ne sai ka nemo masa inda zai zubar. Na gwada, batir kawai na kashe. Amma lita ɗaya ta ruwan randa in ta bushe ta bi iska tana tafiya da zafin kusan 670 a wannan ma'aunin, ya ninka na ƙanƙara sau biyar. Tawul ɗinsa ba laifi ba ne, inda ya rataya shi ne laifin.

Hajiya Mai Kaji, Gusau

Sannu ƙanena. Ni ban san tumatir ba amma shekara da shekaru ina fama da zafi da laima a injin ƙyanƙyasa da muka haɗa da tsohon firij. Ƙwai digiri 37.5 yake so, ka ga tantinka ko ƙwai aka saka dafuwa zai yi ba ƙyanƙyasa ba balle ɗan tsiro.

Kafin ka yarda da agogon nan ka gwada shi tukuna, da yawansu ƙarya suke. Ka zuba gishirin miya a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe kamar yashin bakin rafi kada ya narke, ka saka shi tare da agogon cikin roba mai murfi ka rufe ruf ya kwana. Da safe laima 75 ya kamata ya nuna. In ya nuna 68 ka san kullum 7 za ka riƙa ƙara masa. Nawa guda uku ne babu wanda ya yarda da ɗan uwansa, na rubuta wa kowanne nasa a jiki da maka. Sannan a ina ka ajiye shi? In sama ka rataya kusa da fitila ba zafin da shuka ke ji kake aunawa ba, ka sauke shi daidai kan ganye ka yi masa 'yar inuwa da kwali.

Ruwan da kake gani da asuba kuma ba daga ko'ina yake ba, naka ne. Iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, a digiri 30 mita kubik ɗaya na riƙe giram 30, a digiri 20 kuma 17 kawai. Duk yini baho da tawul da ganye suna cika ta, ka kashe fitila 9 na dare ta huce, abin da ta kasa riƙewa ta sauke shi a tamfol da kan shukar. Don haka fankar da Mai Sola ya ce kada ka kashe ta da dare, lokacin ma ta fi amfani. In kana so ka huta akwai ɗan allon nan mai lura da zafi, W1209, da muke sakawa a injin, bolt 12 ne, ka shiga saitinsa na P0 ka mai da shi C wato sanyayawa, sai ya riƙa tayar da fanka ta biyu in zafi ya wuce inda ka saita. Ɗaya dai ta yi ta yi dare da rana.

Kawu Na Fadama, Argungu

Ɗana sannu da ƙoƙari. Yaro na ka karanta min ina hwaɗi shina rubutawa. Ni dai abin ga ya ba ni mamaki, ga rana Allah ya ba mu kyauta har ta yi muna yawa, kai ka shige ɗaki ka kunna fitila. Mu nan tun muna yara rumfa munka sani, a kafa ta gindin mangwaro a shimfiɗa zana bisa, in kaji ne damuwarka ka zagaye da tsohon gidan sauro, shi ke nan. Amma tunda ka riga ka kashe kuɗi ba ni hana ka.

Wanga kwanciya da dashe ka yi mun san ta, ruwa ne yay yi yawa iska ba ta ratsawa. Sau nawa kake ban ruwa? Na san za ka ce swahe da rana da marece don kana jin tausai nai. To bari. Swahe kawai, kuma sai ka tura yatsa ka ji bisan ƙasar ta sha iska. Marece kak ka ba shi sai in ka ga ya yi laushi sosai, shi ma a gindi ba bisa ganye ba. Wanda duk ya kwanta ba ya tashi, tumɓuke shi da ƙasar da ke kewaye ka kai nesa, tiren da ya ci rabi kak ka bar shi kusa da masu lahiya. In za ka sake zubi kak ka ɗebo ƙasar da anka taɓa yin tumatir, ka samu yashin gulbi da taki wanda ya ruɓe sarai da buntun shinkafa da anka ƙona, ai Kabi ba a rasa buntu. Kuma ka rage yawa, in sunka cushe ba su yin ƙwari.

Sannan gidanku babu ɗakin ƙasa? In akwai soro ko ɗakin azara kai abin ga can. Kwano da azahar ko jaki ba ya zama ƙarƙashi nai.

Malamin Gona, Aliero

Kawu ya gama magana a kan ciwon, Allah ya ƙara girma. Ƙwayoyin cuta ne na cikin ƙasa irin su Pythium da Rhizoctonia, suna kama ɗan tsiro daidai wuya, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa da iskar da ba ta motsi suke so. Tiren da za ka sake amfani da shi ka wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya bilic tara ruwa, ka ɗauraye ka shanya. Tsawon da suka yi siriri kuma zafi ne ya haɗu da ƙarancin haske, don fitila a mita 2 ta yi wa tire nisa. Sauke su zuwa kamar santimita 40 daga ganye, ka saka bayan hannunka a kan ganyen minti ɗaya, in bai dame ka ba bai dame su ba. In ka sauke, biyu ma za su iya isar tire huɗun da suka rage, ka ga ka rage wat 50 na zafi a banza.

Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin 21 da 27 da rana. Ba za ka samu haka a Afrilun Kebbi ba babu AC, kada ka wahalar da kanka, in ka riƙe shi 30 zuwa 33 da laima 50 zuwa 70 dashe zai yi, tattasai ma ya fi shi jure ɗumi. Inda zafi ke yin ɓarna ta gaske shi ne lokacin fure, in rana na wuce 32 zuwa 35 dare kuma bai huce ba furen zubewa yake, amma kai kafin nan suna gona.

Yanzu maganar sanyaya iskar. Dabarar randa ce, ita ce kuma Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan miya da ita, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sharaɗinta ɗaya ne, busasshiyar iska ta ratsa ruwa ta wuce. Kai ka kulle iska ɗaya ta sha ruwa ta ƙoshi a 88, daga nan tawul ya daina aiki. To mai da ruwan bakin ƙofar shigar iska. Ka haɗa firem na katako kamar santimita 50 da 50, kauri kamar faɗin yatsu huɗu, ragar waya gaba da baya, ka cika da gawayi ƙanana kamar goro, ka wanke ƙurar tukuna. Sama ka ɗora jarka da tiyo mai ƙananan huji tana ɗiga a hankali, ƙasa baho na tarewa. In babu gawayi buhun algarara ninki biyu ko soson wanka na yi, sai dai buhu na saurin wari. Fankar sama ita za ta jawo iska ta cikinsa, don haka a nan ne salatef ɗinka zai yi amfani, ka toshe sauran kafofi iska ta rasa hanya sai ta gawayin.

In iska na 40 laimarta 15 zuwa 20, ƙarshen inda ruwa zai iya kai ta wajen 21 zuwa 22 ne, na hannu irin wannan in ya ba ka rabin wannan saukar ko sama kaɗan ka gode Allah, wato ta shigo da 29 zuwa 31. Zai sha ruwa kusan lita ɗaya a awa da tsakar rana, kada ka yi mamaki. Amma fa abin na bazara ne. Da iskar damina ta fara kaɗawa cikin Mayu za ka ga yana raguwa, a Agusta kuwa iska na 30 laima 80 ko digiri 3 ba zai ba ka ba sai dai ya jawo maka ruɓa. Ka riƙa auna laimar ɗakin, in ta wuce 60 ka rufe jarkar ka bar fanka kawai. Da dare ma rufe ta.

Lokacin fitila kuma in da hali ka kauce wa azahar zuwa la'asar. Awa 14 zuwa 16 suke so amma kada ka bar ta awa 24, tumatir ganyensa na lalacewa in babu duhu.

Mai Sola Jega

Malam a nan ne batir zai yi magana. In duk dare zai kunna wat 100 awa 14 ya zama 1400, batir mai 200Ah bolt 12 kuwa 2400 ne a takarda kuma in na ruwa ne rabi kawai ake so a ci. Sai dai ya raba, ya kunna 12 na dare ya kashe 1 ko 2 na rana, awa bakwai a batir sauran a rana, 700 kenan da ɗan abin da inbata ke ci. Akwai soket mai agogo da zai yi masa wannan ba sai ya tashi ba. Kuma dan Allah duk wani haɗin waya ya ɗaga shi sama da jarkar nan, kada ya bar soket a ƙasa kusa da baho.

Ɗan Badariya

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na yi shiru kwana tara ne ina aiki. Kawu akwai ɗakin ƙasa na marigayiya kakarmu da aka mai da wurin ajiye buhuna, can na koma, tun kafin in yi komai na auna na ga 35 lokacin da na kwanon ke 41. Hajiya agogona 71 ya nuna a gishiri, ashe laimar ma ta fi abin da nake gani. Na yaye takardar azurfa na saka farar leda, fanka biyu a sama da bututu zuwa taga, fitila biyu na sauke su da igiya, gawayin ma na haɗa duk da kafinta ya yi ta min dariya wai zan yi wa tumatir AC. Jiya ƙarfe 3 na rana 30 na gani fitila a kashe, da hantsi tana kunne 31 zuwa 32, laima tana yawo 55 zuwa 62, tamfol a bushe da asuba. Tire biyun na zubar, cikin huɗun kwana biyar ke nan ko ɗaya bai kwanta ba, sabon ganyen ma ya fi faɗi, kuma ban ruwa sau ɗaya nake Kawu, duk da hannuna na ƙaiƙayi da yamma.

Saura abu biyu. Gawayin ya fara yin wani fari fari kamar kanwa a jiki kuma iskar ta ɗan ragu, ruwan bohol nake zubawa kuma wanda ya taru a baho nake mayarwa jarka. Sannan yaushe zan fara fitar da dashen waje?

Malamin Gona, Aliero

Gishirin ruwan ne, ruwa na bushewa yana barin sa, kai kuma kana ta mayar da wanda ya riga ya yi kauri. Na bahon ka riƙa zubarwa duk kwana biyu kada ka ba shuka, gawayin ka sauke ka wanke sati sati. Duba gidan sauron ma, ƙura na toshe shi.

Tumatir in ya yi ganyen gaske huɗu zuwa biyar, wajen sati huɗu zuwa biyar da shuka, ya isa dashe, tattasai sai ya ƙara sati biyu ko uku. Saura sati ɗaya ka fara fitar da su, ranar farko awa ɗaya da sassafe a inuwa, kullum kana ƙarawa kana rage ruwa kaɗan, don ganyen da ya tashi a fitila in ka kai shi ranar Kebbi kai tsaye fari zai yi ya ƙone a yini ɗaya. Ka rufa musu gidan sauro in suna waje saboda farin ƙuda, shi ke kawo nanaɗewar ganye.

Kawu Na Fadama, Argungu

To madalla. Rumfar dai da nic ce tun farko ita za ka kafa ta satin ga na ƙarshe. Ka ɗaure akuyar maƙwabta kahin nan.